Yadda Za Ka Duba Tsohuwar Jif Ɗinka A Gida Kafin Bazara Ta Kankama

A Sakkwato ba tsufa ne ke kashe Land Cruiser ko Hilux ba. Ƙurar hunturu ce, da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ruwan fadama da ke shiga ƙarƙashin mota da damina. Yawancin masu irin waɗannan motoci baƙin man inji kaɗai suka sani, a juye shi, a wanke bodi, shi ke nan. Man aksil kuwa, wata motar tun da aka shigo da ita daga Kwatano ba wanda ya taɓa notinsa. Yawancin aikin duba motar za ka iya yinsa a ƙofar gida, kuma ƙarshen Fabrairu ya fi dacewa, hazo ya ja, zafi bai taso ba.

Ka tanadi sifanu da soket, musamman lamba 10, 12, 14, 17 da 24, da bindigar giris, da tsohon kwano, da tsumma. Ka ajiye motar a wuri mai tauri, ba kan yashi ba, ka ja burkin hannu, ka tokare tayoyi da dutse. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin tokara ba ne, yana fashewa ba sallama. Sa'ar da aka yi, waɗannan motoci suna da tsayi, yawancin aikin ba sai an ɗaga su ba.

Fara da matatar iska. Cire ta, ka bubbuga a hankali, ka kai wa mai faci ya hura ta daga ciki zuwa waje, da iska marar ƙarfi. Haska fitila ta ciki. In ka ga huda ko takardar ta yage, sai sabuwa. Ba a wanke ta takarda da ruwa ko fetur. A ƙasan gidan matatar Land Cruiser akwai ɗan kofi mai tara ƙura, ka zubar da shi. Sannan ka shafa yatsa cikin tiyon da ya nufi inji. In yatsan ya fito da ƙura, iska na shiga ta wani wuri ba tare da an tace ta ba, kuma wannan ƙurar ce ke cinye ringi har mota ta fara hayaƙi.

Baƙin mai. Juye shi inji na da ɗumi, ka canja filta tare da shi, duk kilomita 5,000. Injin gas kamar 1HZ, mai silinda 6 da Toyota ta fitar a 1990, yana shan 15W-40 fiye da lita 9, don haka galan ɗaya ba zai ishe shi ba. Ka kuma kwance ƙasan filtar gas ka tsiyaye ruwan da ya taru, sannan ka danna famfon hannu da ke samanta har ya yi tauri.

Lagireto. Nan ne ake yawan ɓarna. Sai inji ya huce sarai za ka buɗe murfin. In ruwan ja ne na tsatsa, zubar da shi, ka ɗauraye har ya fito fari, ka zuba ruwan lagireto na kanti haɗe da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin ƙasa da gishiri a cikin siraran bututun, a hankali su toshe. Duba robar murfin, domin murfin ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri, kuma ba shi da tsada. Matsa tiyo na sama da na ƙasa. Wanda ya kumbura ko ya yi laushi ya gama aiki. Wanke fuskar lagireto da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje. Idan motar ta yi zafi, kashe ta ka juya fanka da hannu: in ta yi ta juyawa ba tirjiya, kulocinta ya mutu, kuma ita ce ke sa allurar zafi hawa a cunkoson kasuwa.

Za a ce maka a cire tamostat, wato abin da ke hana ruwa zuwa lagireto har inji ya yi ɗumi, wai don ƙasarmu da zafi. Ni ban yarda da wannan ba. Cire shi ɓoye ciwo ne kawai, lagireton da ya toshe yana nan a toshe, ga shi da sanyin Janairu inji ba zai kai zafin aikinsa ba, ya riƙa shan mai a banza.

Ƙarƙashin mota. Wurare huɗu ke da mai: aksil na gaba, aksil na baya, giyabos, da ƙaramin akwatin da ke bayansa mai raba ƙarfi zuwa ƙafafun gaba. Kowanne yana da noti biyu, na zubawa a gefe da na juyewa a ƙasa. Kullum na zubawa za ka fara kwancewa. Wanda ya juye mai sannan ya tarar na sama ya cije, motarsa ta kwana a nan. Sa yatsa a ramin, ya kamata man ya zo daidai bakinsa. In ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga, sai a juye nan take. Hakan na faruwa ne idan aksil mai zafi ya faɗa cikin ruwa, kamar a hanyoyin fadamar Wurno da Goronyo: iskar cikinsa ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta ɗan bututun numfashin da ke samansa. Ka tabbata bututun nan bai toshe da laka ba, don in ya toshe mai zai fara fita ta sil. Notin ƙasa yana da maganaɗisu. Baƙin gari mai laushi a jikinsa ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi alama ce haƙori ya fara ci. Aksil yana son man giya GL-5, 80W-90 ko 90. Na giyabos ka bi abin da littafin motarka ya faɗa.

Daga nan ka bi farfela ta gaba da ta baya, wato sandunan da ke kai ƙarfi zuwa aksil, da giris. Goge kowane kan giris kafin ka ɗora bindiga, in ba haka ba yashi za ka tura ciki. A mahaɗa mai siffar gicciye ka danna har sabon giris ya ɓullo. A wurin da farfelar ke zamewa ciki da waje, dannawa biyu ko uku sun isa.

Leƙa bayan tayoyin gaba, inda aksil ya yi dunƙule. Ɗan danshin giris ba laifi. In mai ne ke ɗiga yana wari, sil na ciki ya tafi, wannan kuma aikin gareji ne. Haka ma bel ɗin taimin na 1HZ: in ba ka san ranar da aka canja shi ba, ko ya kai kilomita 100,000, kai wa ƙwararre, don in ya tsinke bawul da fistan ne za su haɗu.

Gwada ƙafa huɗun. Nemi hanyar ƙasa, ka juya makullan tayoyin gaba daga FREE zuwa LOCK, ka sa H4, giyar ƙafa huɗu ta gudu, ka yi tafiya, sannan ka tsaya cak ka gwada L4, ta ƙarfi mai tafiya a hankali. Ana so a riƙa yin haka duk wata don mai ya zagaya. Amma motar da ba a ƙera ta da ƙafa huɗu na dindindin ba, kada ka hau kwalta da ita a H4. Tayoyin gaba da na baya ba sa juyi iri ɗaya a kwana, in ba yashin da za su zame a kai, ƙarfin yana komawa kan farfela da haƙoran giya. Dalilin ke nan da ya sa dole tayoyi huɗun su zama lamba ɗaya. In giyar ta ƙi fita, kada ka doke ta, ja da baya kaɗan a miƙe, za ta saki.