Yadda Ake Bibiyar Shafukan Intanet da RSS

Idan kana da shafuka goma ko ashirin da kake leƙawa kullum don ganin ko sun saka sabon abu, ka san yadda lokaci da data ke tafiya a banza. Ka buɗe shafi, ka jira hotuna da tallace-tallace su gama sauka, sai ka tarar babu sabo. RSS ne maganin wannan wahala. Ɗan ƙaramin fayil ne da shafi ke sabuntawa da kansa duk sanda aka wallafa rubutu, yana ɗauke da kan labari, kwanan wata da adireshinsa, wani lokacin har da rubutun gaba ɗaya. Kamfanin Netscape ne ya fito da shi a 1999, a 2005 kuma aka samu ɗan'uwansa Atom. Manhajojin yanzu suna karanta duka biyun.

Abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne, kai ke zaɓar abin da zai zo maka, kuma yana zuwa a jere bisa lokacin da aka wallafa shi. Babu wata na'ura da za ta ɓoye maka rubutu ta turo wanda ta ga dama, kamar yadda ake yi a Facebook.

Da farko ka samu manhajar karantawa. Feedly da Inoreader suna aiki a waya da kwamfuta, kuma suna da tsarin kyauta mai iyakar adadin shafuka. Mai iPhone ko Mac yana da NetNewsWire, mai Android yana da Feeder, ba a biyan ko sisi. Sabon shiga dai ya fara da ɗaya daga cikin biyun farko, domin abin da ka karanta a waya ba zai sake fito maka a matsayin sabo a kwamfuta ba.

Sai neman adireshin RSS na shafin, wanda nan ne mutane suka fi karaya. Fara da mai sauƙi: kwafi adireshin shafin, ka liƙa a akwatin ƙara shafi na manhajar, galibi za ta lalubo da kanta. In ta kasa, duba ƙasan shafin ko samansa, ka nemi 'yar alama mai ruwan lemo, da ɗigo da layuka biyu lanƙwasassu farare a ciki. In babu, ƙara /feed a ƙarshen adireshin, don shafukan da aka gina da WordPress a nan nasu yake. Na Blogger kuwa /feeds/posts/default ne. Tashoshin YouTube ma suna da nasu.

Kada ka tsorata in ka danna adireshin ka ga rubutu cakuɗe da alamomi ya cika fuskar waya. Bai lalace ba, manhaja aka rubuta wa shi. Kwafi adireshin da ke sama kawai, ka kai mata.

Daga nan ka kasa shafukan gida-gida: labarai, sana'a, karatu. Ka yi hattara da manyan kafafen labarai, domin guda ɗaya kan zubo rubutu masu yawa a yini har ya binne ƙaramin shafin da ke rubutu sau ɗaya a wata. Ware musu gida daban, ko ka ɗauki RSS na sashen da kake so kaɗai, kamar kimiyya ko wasanni. In sun taru sun yi maka yawa, danna maɓallin da ke mayar da su duka an karanta, ka wuce.

Abu ɗaya da ba na so ka manta: shiga saituna ka fitar da jerin shafukanka a fayil ɗin OPML, ka adana. Lokacin da Google ya rufe manhajarsa ta karanta RSS, Google Reader, a ranar 1 ga Yuli, 2013, da irin wannan fayil mutane da dama suka kwashe shafukansu zuwa wasu manhajojin. Duk bayan 'yan watanni ka sake fitar da sabo, musamman in ka ƙara shafuka.