Yadda na daina rikita advice da advise

Sau uku shugaban sashenmu yana dawo mini da wasiƙa da jan biro a kan kalma ɗaya. Na rubuta "please advice me", ni a ganina ba laifi. Ashe suna na ajiye a gurbin aikatau.

Da na zauna na duba, bambancin bai taka kara ya karya ba. Advice mai c suna ne, wato shawara. Advise mai s aikatau ne, ba da shawara, kuma ƙarshensa da sautin z ake furta shi. Dabarar da na kama: in gwada sa "to" a gaba. Idan ta zauna, mai s nake buƙata.

Wani tarkon daga Hausarmu ya fito. Muna cewa shawarwari, sai hannu ya zarce ya rubuta "advices". Turanci ba ya jam'inta wannan kalma. "Some advice" ake cewa, ko "a piece of advice" in guda ce.

Ka'idar ta yi mini aiki a practice da practise, tunda Turancin Ingila muke bi a ofis. Amurkawa kam da c suke rubuta duka biyun, sun huta.