Darasi na Tara: Bargon Girmama 'Yan Mazan Jiya

A shekarar 2003 aka tura ɗan wata mata, Catherine Roberts, yaƙin Iraƙi. Ita tana zaune a garin Seaford, jihar Delaware, ƙasar Amurka. Duk uwar da ɗanta ya taɓa zuwa fagen daga ta san irin barcin da ake yi a wannan hali. Wani dare ta yi mafarki ta ga saurayi zaune a bakin gado, ya sunkuyar da kai, abin duniya ya ishe shi. Can sai ta sake ganinsa lulluɓe da bargo, ya ɗago kai, hankalinsa ya kwanta. Ba ta bar abin a mafarki ba. A watan Nuwamba na wannan shekarar aka miƙa bargo na farko a asibitin sojoji na Walter Reed, ga wani matashin soja ɗan jihar Minnesota wanda ya rasa ƙafa a Iraƙi.

Haka ƙungiyar Quilts of Valor ta samo asali, ma'anar sunan kuwa bargunan jarumta. Masu ɗinkin 'yan sa kai ne, babu mai biyansu ko sisi, kuma bargunan da suka miƙa sun wuce 300,000. Aikin yana da tushe a can. Tun lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, mata suke ɗinka wa sojoji irin wannan abin rufa.

Wane irin bargo ne?

Ba irin na kasuwa ba ne mai gashi-gashi. Wannan hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye. Akwai auduga shimfiɗaɗɗiya a tsakiya. Akwai shafi a baya, yadi guda. Ana ɗora su a bi su da ɗinki har su zama abu ɗaya. Wanda ya taɓa kallon hawan salla ya ga 'yan lifida ya riga ya san dabarar, domin lifidi ma yadi ne da auduga a ciki, an bi shi da ɗinki don kada audugar ta zame ta taru wuri guda.

Ƙungiyar tana da ƙa'idoji. Yadin ya zama na auduga zalla. Bargon kada ya gaza inci 55 a faɗi da inci 65 a tsawo, kada kuma ya wuce 72 da 90. Wanda aka fi so shi ne 60 da 80, domin ya rufe babban mutum. Galibi ana zaɓen ja da fari da shuɗi, launin tutar ƙasarsu, ko da yake ba dole ba ne. Mu ma 60 da 80 za mu ɗinka.

Awo da yanka

Ku tanadi tef na awo, almakashi mai kaifi, alli, fil, zare, dutsen guga, da keken ɗinki. Allura ma tana yi, sai dai a sha haƙuri. Ku wanke yadin ku goge kafin ku sa masa almakashi, musamman ja. Jan yadi da bai ga ruwa ba, ranar wankin farko zai zuba a kan fari, aikin wata guda ya lalace.

Zanen da za mu yi shi ne mafi sauƙi, mai gida tara. Ana jera ƙyallaye uku a layi, layi uku, kamar gidajen dara. Biyar masu duhu, huɗu farare, ana sa wannan a tsallake a sa wancan. Kowane ƙyalle a yanka shi inci huɗu da rabi ta kowane gefe. In an ɗinke zai koma inci huɗu cif, saboda ɗinki yana cin kwatan inci a kowane baki.

Ga lissafin, ku bi shi da fensir. Ƙyalle uku masu inci 4 sun ba da inci 12, wato faɗin gida tara guda ɗaya. Jera biyar a faɗi, inci 60 ke nan. Jera shida a tsawo, inci 72. Biyar sau shida, 30. Kowanne yana cin ƙyalle 9, saboda haka ƙyalle 270 za ku yanka, masu duhu 150, farare 120. Saura inci 8 tsawo ya cika 80, sai a ƙara dogon yadi mai inci 4 a sama, wani a ƙasa. Shi ma a yanka shi huɗu da rabi.

Kwatan inci

A nan ne ake faɗuwa. Mai ɗinkin riga ya saba ya ci baki yadda hannunsa ya ga dama, riga kuma ba ta tona masa asiri. Bargo yana tonawa. Layi ɗaya a faɗi ƙyalle 15 ne, wato ɗinki 14. A ce kowane ɗinki kun zarce da rabin kwata kawai, abin da ido bai cika gani ba. Ɗinki yana ci daga ƙyalle biyu, saboda haka asarar kwata guda ce. Kwata sau 14, inci uku da rabi sun tafi. In kuka zo haɗa wannan layi da na ƙasansa, sai ku ga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, ku yi ta ja kuna zargin yadi. Yadi ba shi da laifi.

Maganinsa ba wuya. Ku auna kwatan inci daga bakin allurar keke zuwa dama, ku manna salatif a wurin. Bakin yadi ya riƙa bin bakin salatif ɗin. Duk layin da kuka gama ku goge shi, ku kwantar da bakin ɗinkin zuwa ɓangaren ƙyalle mai duhu, don kada inuwarsa ta fito ta cikin fari. Danna dutsen guga ake yi a ɗaga. In kuka ja shi, ƙyallen zai miƙe ya karkace.

Haɗa hawa uku

Ku share ɗaki ku shimfiɗa shafi, fuskarsa na kallon ƙasa. Ku ɗora auduga, sannan fuskar bargon tana kallon sama. Shafi da auduga su fi fuska da kamar inci 4 ta kowane gefe. Ku kafe da fil, tazarar tafin hannu tsakanin wannan da wancan. Ɗinki daga tsakiya ake farawa a nufi baki. Wanda ya fara daga baki zai tara tattara a tsakiya, ba kuma inda zai kora ta. Ku bi layukan da suka raba ƙyallaye, tsaye da kwance. Ƙungiyar ba ta karɓar bargon da aka ƙuƙƙulla da zare kawai, sai wanda aka bi da ɗinki.

In an gama a datse rarar baki. A yanka tsiri mai faɗin inci biyu da rabi, a ninka biyu, a kewaye bakin da shi. Kewayen inci 280 ne, ku ƙara kamar 12 saboda kusurwa da haɗi. Sai wanki.

Suna a baya

Har yanzu aiki bai ƙare ba. A bayan bargon ana ɗinka ɗan farin ƙyalle mai rubutu: sunan wanda aka yi wa, sunan waɗanda suka ɗinka, gari, da ranar miƙawa. Ƙungiyar ta nace cewa bargon ba sadaka ba ne, lambar yabo ce. Shi ya sa ba a tura yaro da shi cikin leda. Ana tara jama'a, a kira sunan mutum, a faɗi inda ya yi aiki, a yafa masa a kafaɗa, a gode masa, a yi masa sannu da dawowa gida. Wannan kalma ta ƙarshe tana da nauyi ga tsofaffin da suka yi yaƙin Biyetnam, domin da yawansu sun dawo babu wanda ya tarbe su. Kuma mai rai ake ba, ya ji da kunnensa.

A ganina wannan ɗan ƙyalle ya fi kowane sashe bukatar natsuwa. Ɗinki in ya karkace ana farkewa, amma a rubuta sunan dattijo ba daidai ba a karanta a gaban jama'a, abin kunya ne. Ku tambayi iyalinsa yadda yake rubuta sunansa da muƙaminsa. Ku gwada a takarda tukuna, sannan ku rubuta da alƙalamin da wanki ba ya gogewa.

Aikin gida

Amurkawa suna bikin 'yan mazan jiya ran 11 ga Nuwamba, a Nijeriya kuwa ran 15 ga Janairu ake tunawa da su. Ku nemi wani tsohon soja da kuka sani, ku rubuta cikakken sunansa a littafinku, da sunanku, da garinku, da kwanan wata, kamar yadda za su fito a bayan bargo. Sannan ku lissafa: in mutum shida za su raba gida tara guda 30, nawa kowa zai ɗinka, kuma ƙyalle nawa zai yanka? Mako mai zuwa kowa ya zo da ƙyalle tara yankakku, biyar masu duhu, huɗu farare, da tef ɗinsa.