Yadda Za a Auna Abin da Shugaban Ƙasa Ya Bari

A majalisun Tahoua ana yawan gardama kan wane shugaban ƙasar Nijar ne ya fi yi wa talaka aiki, kuma sau da yawa soyayyar jam'iyya ce ke yanke hukunci. Wanda yake son ya auna da gaskiya, sai ya fara daga rumbu.

Ka zauna da dattawan garinku, ka tambaye su nawa aka sayar da tiyar hatsi a shekarar fari a zamanin kowane shugaba, ko hatsi mai rahusa na OPVN, hukumar gwamnati mai ajiyar cimaka, ya iso ƙauye, kuma samari nawa suka bar gona suka tafi bida. Wannan ne ma'aunin da na fi amincewa da shi, domin yunwar farkon shekarun 1970 tana cikin abin da ya kawo ƙarshen mulkin Diori Hamani a Afrilun 1974, kuma a 2005 Tandja Mamadou ya sha suka saboda ya ƙi amincewa cewa akwai yunwa.

Daga nan ka raba abin da shugaba ya yi da abin da zamani ya kawo masa. Seyni Kountche ya samu kuɗin yuraniyom na Arlit da yawa a farkon mulkinsa, kafin farashi ya faɗi a shekarun 1980. Mahamane Ousmane kuwa a hannunsa aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, shawarar da ta shafi dukkan ƙasashen da ke amfani da kuɗin.

Sannan ka taka da ƙafarka ka ga abin da ya rage. A Keita, aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984 ya bar itatuwa da shingayen duwatsu masu tare ruwa. Ka leƙa ɗakunan shan magani da azuzuwan shirin Tandja na musamman, ka duba ko akwai ma'aikaci da magani a ciki. Madatsar Kandadji, wadda aka aza harsashinta a 2008, ta wuce shugabanni da dama ba a kammala ta ba.

Game da ɗabi'a, ka duba yadda shugaba ya riƙe dukiyar jama'a da yadda ya rabu da kujera. Tandja ya nemi tazarce a 2009, sojoji suka sauke shi a Fabrairun 2010. Issoufou Mahamadou, ɗan Dandaji, ya miƙa mulki a 2021 bayan wa'adi biyu, amma ka auna shirinsa na 3N, wato 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar, da tiyar da ka auna sauran.