Yadda za ka samu lokacin kanka a gidan yawa

A gidajenmu, da zarar ka zauna shiru kai kaɗai sai wani ya leƙo ya ce, "Lafiya kuwa?" Mun ɗauki zaman kaɗaici alamar fushi ko damuwa. Ni tela ne, kuma sabon zanen wuyan riga bai taɓa zuwar mini a shago ba, inda kekuna ke ta ruri, ga rediyo, ga masu jiran kayansu. Sai na keɓe yake zuwa.

Fara da zaɓen lokaci. A wurina babu kamar bayan sallar asuba zuwa fitowar rana, kafin yara su fara neman kuɗin koko. Minti 30 ya isa. Wuri kuwa ba sai ɗaki na musamman ba: zaure kafin baƙi su iso, saman soro, ko gindin darbejiya a bayan gida.

Abin da ya fi wuya shi ne mutane, don haka ka faɗa musu tun wuri. Ni cewa na yi, "Hajiya, in kin ga na hau sama da safe ba wata matsala ba ce, tunanin aiki nake yi." Ta sa albarka, ta hana yara hawowa. In ka ɓoye, za a ce girman kai ne, a yi ta aiko maka da 'yan bin ba'asi.

Waya kuma a bar ta a ɗaki. Wanda ya keɓe yana duba WhatsApp bai keɓe ba, majalisa ya ɗauko a aljihu. Ɗauki biro da ɗan littafi kawai. Da farko tunanin bashi da kuɗin makaranta ne za su rufe ka. Kada ka yi kokawa da su, rubuta su a shafin baya, sai su lafa. Bayan nan abin da ka gani a jikin wata tsohuwar ƙofa ko a hannun amarya zai dawo maka, ya haɗu da wani. A 2001 Marcus Raichle, masanin ƙwaƙwalwa a Amurka, ya nuna akwai sassan ƙwaƙwalwa da suke tashi aiki daidai lokacin da mutum bai sa komai a gaba ba.

Keɓewa kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Manzon Allah (SAW) yakan keɓe a Kogon Hira kafin wahayi, ga i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, ga halwar malamai.

Da rana ta fito ka sauko, ka gaida mutanen gida, ka je suna da ta'aziyya yadda ka saba. Amma in ka ga zaman ya koma gudun mutane, barci ya ƙi, abinci ya fita ranka har makonni, wannan ba keɓewar da nake nufi ba ce. Ka gaya wa wanda ka yarda da shi, ku je asibiti tare.