Yadda Ake Yi Wa Sabon Mawaƙi Gyara A Waƙar Da Ya Ɗauka A Gida

A Aboabo da Asawase, cikin Kumasi, samari da dama suna ɗaukar waƙoƙin gargajiya da wayar hannu a cikin ɗaki, wani da gurmi, wani da kalangu, wani kuwa da ƙwarya da tafi kawai, sannan su tura wa wanda suka yarda da kunnensa, su ce, "Yaya, saurara ka faɗa mini gaskiya." Wannan amana ce, kuma amsar "ta yi daɗi" ba ta sauke ta.

Da farko, ka nemi ya turo ainihin fayil ɗin waƙar ta WhatsApp maimakon saƙon murya, domin saƙon murya yana matse sauti har kaurin kiɗan ya ɓace. Sai ka saurare ta sau uku: na farko ba tare da alƙalami ba, na biyu kana rubuta baitocin, na uku kuma ka sa kunne a kan ɗaukar kanta.

Mataki na biyu shi ne ka raba laifin ɗaki da laifin waƙa. Ƙarar fanka, hon na motocin haya da amon da bangon siminti yake mayarwa duk gyaransu mai sauƙi ne: ya ɗauka bayan isha'i in unguwa ta lafa, ya kashe fanka, ya rataya bargo a bango, ya ajiye wayar kamar kamu ɗaya daga bakinsa, mai kalangu kuma ya ja da baya. Idan yana da kwamfuta, manhajar ɗauka da gyaran sauti ta Audacity kyauta ce.

Inda ya kamata ka daɗe shi ne a kan kalmomi. Hausa harshe ce mai karin sauti da tsawon wasali, saboda haka idan mawaƙi ya tilasta wa kalma ta bi kiɗa, ma'anarta tana iya sauyawa: kukan yaro ya koma kukar miya, ko garin Kumasi ya zama garin tuwo. Ka karanta kowane ɗango da bakinka kamar magana, sannan ka ji yadda ya rera shi, duk inda biyun suka saɓa ka sa alama. Daga nan ka duba amshi, domin shi ne ƙashin bayan waƙar. Idan bayan saurare uku ba ka iya maimaita shi ba, to ya yi tsawo ko ya yi nauyi. Marigayi Ɗan Maraya Jos, a zamaninsa, da kuntiginsa kaɗai yake riƙe taro, wanda ya nuna cewa ƙarancin kayan kiɗa ba ya hana waƙa tsayawa idan maganar cikinta tana da nauyi.

A nan ina da roƙo, kuma ina yin sa da zuciya ɗaya. Kada ka ɗauki Hausar zango a matsayin kuskure. Idan ya ce "ya zo" ga mace, ko ya saka kalmar harshen Twi da ake ji kullum a kasuwar Kejetia, harshen da aka raine shi da shi ne, kuma mayar da shi Kananci zai kashe ɗanɗanon waƙar. Abin gyara shi ne baitin da aka cusa don amsa-amo kawai, ko karin maganar da aka ajiye a inda ba muhallinta ba.

Idan ka zo faɗa masa, ka kira shi ko ku zauna ku biyu, ban da cikin taron abokai. Ka fara da baitin da ya fi burge ka, ka ambace shi kalma da kalma, ka faɗi dalili. Sannan ka kawo gyara biyu ko uku kacal, kowanne da wurinsa, misali, "Ƙanena, a baiti na uku numfashinka ya ƙare kafin amshi ya shigo, ka rage kalma biyu." Ka ba shi mako guda ya sake ɗauka, kuma ka ce ya ajiye ta farkon, domin ranar da ya dawo ku saurari biyun a jere.