In yajin aikin jirgi ya rutsa da kai, ga yadda za ka yi

Salam 'yan uwa, musamman ku masu zuwa saro kaya Dubai da Chaina da masu tafiya Umra daga nan Garwa, Marwa, Ngaundere ko ta Njamena. Maganar yajin aiki nake so mu yi don ya taɓa cina wallahi, kwana biyu na yi a filin jirgin Duwala kan darduma, jakata ce matashin kai, mu wajen goma muna rububin soket ɗaya don cajin waya, kilishin da na ɗauko na tsaraba ma shi muka cinye. Ba zan kama sunan kamfanin ba, darasin kawai na ɗauka.

Abu na farko in ka ji ana cewa grev, wato yajin aiki da faransanci, tambayi waye ke yajin. Ma'aikatan kamfanin ne da kansu, wato matuƙa da masu hidima a cikin jirgi, ko kuwa masu ba jirage hanya daga hasumiya? A Satumba 2022 da ma'aikatan hasumiya na ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasashen Afirka da dama, suka ajiye aiki, Kamaru da Chadi da Nijar duk abin ya shafa, a irin wannan canza kamfani ba ya maganin komai tunda sama ɗaya kowa ke bi, sai haƙuri. Amma a Nuwamba 2022 da matuƙan Kenya Airways suka yi kwana 4 ba su tashi ba sai da kotu a Nairobi ta ce su koma, sauran kamfanoni suna ta tashi abinsu. To a irin wannan ne za ka tsaya kai da fata ka ce su ɗora ka a jirgin wani kamfani ba tare da ka ƙara ko dala ba.

Kada ka soke tikitinka da kanka don tsoro. Nan mutane da yawa ke faɗawa, ka ji jita-jita a WhatsApp ka ruga ajans, wato ofishin sayar da tikiti, ka ce a soke, sai a yanke maka kuɗi kamar kai ka fasa tafiya. Bari kamfani ya soke da bakinsa, sannan ka zaɓa, ko su mayar maka da kuɗinka ko su ba ka wata rana. Ka ɗauki hoton saƙon da suka turo, ka nemi takarda mai hatimi a kantar kamfanin da ke cewa an soke jirgi, rasit na otal da taksi da abinci duk ka adana ko na ruwan kwalba ne. Kuma don Allah tun wajen yankar tikiti ka tabbata lambarka aka saka a ciki, ba ta yaron ajans ba. Ni saƙon sokewa wayar yaron ya je, shi kuma yana barci.

Sai maganar tikiti biyu, wadda ita ta fi cin mu 'yan arewa. Ka yanki Garwa zuwa Duwala daban, Duwala zuwa waje daban don ya fi araha. In na farko ya makale, kamfani na biyu babu ruwansa, zai rubuta ba ka zo ba kawai, wani lokaci har na dawowa ya mutu. In tikiti ɗaya ne kuwa nauyinka na wuyansu har ka isa. In dole sai biyun, bar kwana guda a tsakani, ka kuma san wata hanyar tun da wuri, jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere zuwa Yawunde yana nan, mutanen Marwa kuma wasu ta Kuseri suke bi su haye gadar Ngeli su tashi daga Njamena.

Masu zuwa Turai akwai doka mai lamba 261 ta 2004 da ya kamata ku sani. Tana aiki in ka tashi daga ƙasar Tarayyar Turai da kowane kamfani, ko za ka sauka can da kamfanin Turai. Tafiyar da ta wuce kilomita 3500, kamar Njamena ko Duwala zuwa Paris, diyya tana kai yuro 600, kusan sefa 393,000, in sun soke ba su sanar da kai kwana 14 kafin ba. A 2021 kotun Turai ta ce yajin ma'aikatan kamfani ba uzuri ba ne, sai sun biya. In na hasumiya ne babu diyya, amma abinci da wurin kwana suna kansu. Duwala zuwa Dubai ko Jidda wannan doka ba ta kai nan ba, kar ka je kana musu ihu da ita.

Su ma kamfanonin fa suna ji a jikinsu. Air France a 2015 ma'aikata suka yayyaga wa wani babban manaja riga, hotonsa yana haura katanga ya zaga duniya, a 2018 kuma yajin kwana 15 ya ci musu wajen yuro miliyan 335 har shugaban kamfanin Jean-Marc Janaillac ya sauka. South African Airways ya yi na kwana 8 a Nuwamba 2019, a Disamba aka sa shi a shirin ceto, ko da yake dama bashi ya riga ya yi masa katutu. Amma a ganina abin da ke kashe sunan kamfani a wajenmu shi ne shiru. Alhajin da aka bari a benci ba wanda ya ce masa uffan, in ya dawo kasuwa duk layinsu sai sun ji, shekara biyar yana ba da labarin.

Kar ka huce kan yarinyar kanta, ba ita ta kar zomon ba, kuma ita ce mai kwamfutar da za ta nemo maka kujera. Maganin hawan jini ko na suga na Hajiya, caja da kaya kala ɗaya su zauna a jakar hannu, don akwati in ya shige ciki ba lallai ka sake ganinsa ranar ba. Fom ɗin neman kuɗi kuma yana shafin kamfanin, cike shi da kanka ko ka sa yaro mai faransanci ya taya ka, masu cewa za su karɓo maka kaso suke cira.